Ku Tambaya Mu Amsa: Jam'iyya ko Dangi?

Tambaya: Malam, a zaɓen 2020 kawuna ya tara mu a zaurensa, ya ce duk gidanmu jam'iyya guda za mu yi saboda ɗan takararta surukinmu ne, kuma babu wanda ya tambayi abin da jam'iyyar ta ƙudurta. Shin tsarin jam'iyyu da yawa ne ya jawo mana wannan hali? Daga wani mai karatu a unguwar Bagalam, Maradi.

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka gani a zauren kawunka ya girmi jam'iyyun, sai dai sun same shi sun yi amfani da shi. A farkon shekarun 1990, zamanin Babban Taron Ƙasa na 1991, jam'iyyun Nijar sun ɗauki sunaye masu nufin haɗa kai, irin su Rahama, Tarayya, Nasara da Zaman Lafiya, amma kusan kowacce ta fi ƙarfi a mahaifar jagoranta: CDS Rahama ta Mahamane Ousmane a Damagaram, PNDS Tarayya ta Mahamadou Issoufou a Tawa, ANDP Zaman Lafiya ta Moumouni Djermakoye a Doso. Mu ma a nan mun shaida haka lokacin da Cheiffou Amadou ya fice daga CDS ya kafa RSD Gaskiya a 2004, ya sami mafi yawan magoya bayansa a jihar Maradi.

Doka ba ta yi shiru ba, domin kundin tsarin mulki na 2010, wanda aka dakatar a 2023, ya haramta kafa jam'iyya bisa ƙabila, yanki ko addini. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen tsara jerin ƴan takara. A zaɓukan majalisa na wancan lokaci, tun da jeri ake zaɓa ba mutum ba, shugabannin jam'iyya su ke yanke wanda zai hau sama, kuma abin da suke dubawa shi ne ƙauye nawa zai kawo. Saboda haka ɗan gidan sarauta, ko wanda wani babban alhajin kasuwa ya tsaya masa da mota da turamen atamfa, yakan sha gaban malamin makarantar da ya fi shi sanin matsalar ruwa da takin zamani. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin talaka yakan bi dangi ne don ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ranar da ɗansa ya kwanta asibiti.

An rusa jam'iyyun a watan Maris na 2025, amma a ganina rusawar ba ta taɓa zauren kawunka ba. Idan aka sake ba da izinin kafa su, abin da ya kamata ku nema shi ne membobi su zaɓi ƴan takara da kansu tun daga matakin unguwa.