Amsa: Me ya sa ɗakin ƙasa ya fi na bulo sanyi?

Malam, ka ce gidan kakanka ya fi naka na bulo sanyi, wallahi sirrin kaurin bango ne. Tubali da aka yaɓe da ƙasa a hankali yake shan zafin rana, sai dare ya sake shi, shi kuwa bulo da kwano kafin azahar ɗaki ya koma tanderu, ɗakin ƙasa kuma ga rufin azara da ƙasa a sama, ga 'yan tagogi can sama inda iska mai zafi ke fita. Ka shiga Gidan Makama, tsohon ginin ƙasa da ke Kano, cikin Afrilu ka dafa bangon da tafinka ka ji. In ba za ka yi ginin ƙasa ba, ka ɗaga silin sosai ka dasa darbejiya ta yamma.