Fuska tana duhu a hotunana: ko komawa fim ne mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne a Tudun Wada, Kaduna. Ina ɗaukar hoton biki da suna da kyamarar dijital, Nikon D3200, kuma kwanan nan mahaifina ya ba ni tsohuwar kyamararsa mai fim, Pentax K1000. Burina in riƙa ɗaukar hoton mutum mai fasaha, ba irin na "tsaya ka yi murmushi" ba. Sai dai duk wanda ya sa farar shadda, rigar ce ke fitowa, fuskar ta yi duhu. An ce mini fim ya fi dacewa da fatar mutum. In koma fim ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a sana'a. Kada ka bar dijital, kada kuma ka ajiye kyamarar Baba a ƙasan akwati. Duhun fuskar nan ko fim ka koma zai bi ka, sai dai a can sai ka biya kuɗin wanki tukuna ka gani.

Daga ma'aunin haske matsalar take. Na cikin Nikon ɗinka da allurar nan mai hawa da sauka a cikin K1000 duk zatonsu ɗaya: abin da ke gabansu matsakaici ne, ruwan toka. Idan babbar riga fara ta cinye rabin hoton, sai ma'aunin ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage. Riga ta tsira, fuska ta nutse. Kyamara ba ta san fuskar kake so ba, kai za ka nuna mata. Matsa kusa da mutumin har kuncinsa ya cika maka gilashin kyamara (lens), ka auna hasken a nan, ka saita da hannu, sannan ka ja da baya ka ɗauka.

A nan ne hanyoyin biyu suke rabuwa, kuma wannan shi ne abin da nake so ka riƙe. Dijital tsoron yawan haske yake yi. Wurin da ya ƙone ya yi fari fat ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo maka da aikin zaren da ke wuyan rigar. Saboda haka bayan ka auna a kuncin baƙin mutum, rage hasken da rabin mataki zuwa mataki ɗaya (mataki ɗaya shi ne ninka haske ko raba shi biyu), ka ɗauka a RAW, wato fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, ka kunna alamar nan mai ƙyaftawa a inda ya ƙone, sauran ka ɗaga fuskar a kwamfuta. Fim mai nagatif kuwa akasin haka ne. Yana shanye ƙarin mataki ɗaya ko biyu ba tare da ya nuna ba, amma idan ka yi masa rowar haske sai inuwa ta fito da dusa-dusa, launi ya yi laka. Don haka a fim, abin da ka auna a kunci bar shi yadda yake. Da yawa ma idan sun sa fim mai lamba 400 (lambar ISO, mai nuna saurin kama haskensa) sai su saita kyamarar a 200 da gangan, don ya samu ƙarin mataki ɗaya.

Zancen cewa fim ya fi son fata, rabinsa ne gaskiya. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya fara raba wa masu wanki wani kati mai hoton Baturiya, wanda ake kira Shirley, da shi ake daidaita launi. Yana daga cikin dalilan da suka sa a tsofaffin hotuna masu kala na iyayenmu sai ka ga haƙora da fararen idanu kawai. Fim na yanzu irin Kodak Portra 400 ya gyaru sosai, amma shi ma sai ka ba shi haske.

Hasken kuwa, ka daina neman sa a tsakar rana. Kaduna tana kusa da daraja 10 arewa da tsakiyar duniya, rana tana hawa kusan tsakar ka, ta bar ramin ido da ƙarƙashin hanci cikin inuwa, ga gumi, ga mutum yana ƙanƙance ido. Akwai kuma wani cikas: saurin ɗaukar K1000 bai wuce 1/1000 na daƙiƙa ba. Da fim mai 400 a rana tsaka, dole ka tsuke ƙofar haske zuwa wajen f/11, ke nan bayan mutumin ba zai yi dishi-dishin da kake sha'awa ba.

Nemi zaure. Ka tsayar da mutumin taku ɗaya ko biyu daga bakin ƙofa ta ciki, ya ɗan karkata fuskarsa wajen haske. Bayansa zai yi duhu da kansa, fuskar ta fito da siffarta. Baƙar fata da sheƙi take nuna kyanta, saboda haka haske mai faɗi daga gefe ya fi mata filasha daga gaba nesa ba kusa ba. Idan ɗaya gefen ya yi duhu da yawa, sa yaro ya riƙe maka farin kwali ko farin zane. Lokacin hunturu, hazo yana tausasa rana har ka iya ɗauka a fili da hantsi, amma kada ka kuskura ka canza gilashi a waje, ƙura za ta shige. Ka kuma tuna wa mai hoton ya shafa mai, don furu-furun fata ya fi komai wahalar gyara.

Fasaha kuma ba a cikin na'ura take ba, kuma ba sai ka leƙa Turai ba. Mai ɗaukar hoto Seydou Keïta ya buɗe situdiyonsa a Bamako, ƙasar Mali, a 1948, yawancin aikinsa a tsakar gida ne da hasken Allah, yana rataya ƙyalle mai zane a bayan mutum mai kaya masu zane. J.D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, baƙi da fari, bango ba ado, sau da yawa ma ta ƙeya. Kai ma yadi biyu na atamfa daga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya ishe ka bango. Ɗauki maƙeri a Fanteka da gudumarsa, ko tela a Kasuwar Barci a bayan kekensa, ko hannun amarya da lalle ya rufe rabin fuska. Gadar Lugga ta ƙarfe da ke Ƙofar Gamji, wadda aka ɗauko daga Zungeru, tana ba da layuka masu jan ido zuwa ga mutum. Nemi izini kafin ka ɗaga kyamara, musamman ga mata, kuma garin nan na soja ne, ka nisanci bariki da shingen jami'an tsaro.

Gilashin 50mm ya wadatar a duka biyun. A D3200 yana kama da 75mm, daidai hoton kafaɗa zuwa sama, amma ka sayi mai alamar AF-S, don wannan kyamarar ba ta da injin juya tsofaffin gilasai don su yi saiti da kansu. Kada ka matso ƙasa da mita ɗaya da rabi, in ba haka ba hanci zai kumbura. Saiti a kan idon da ya fi kusa da kai.

Kafin ka sayi fim, fara gano inda za a wanke maka, domin yawancin masu situdiyo sun koma buga na dijital. Baƙi da fari irin Ilford HP5 kana iya wankewa a gida, sai dai maganin yana son sanyin 20 a ma'aunin Salshiyos, lokacin bazara sai ka haɗa da ƙanƙara. Duba soson da ke bakin murfin bayan K1000, ya kan narke da tsufa haske ya riƙa shiga. Batirinta LR44 ne, na ma'auni kawai, kuma yana zuƙewa matuƙar murfin gilashi a buɗe yake. Ajiye fim a firij, ba cikin mota ba, ka bar shi ya huce daga sanyi kafin ka buɗe robarsa. Gwada kyamarar da mai araha, Kodak Gold 200.

In ni ne kai, zan gwada haske da tsayuwa da dijital har ya yi mini, sannan in ɗauki biyu ko uku da fim, tunda 36 ne kacal a naɗi ɗaya. Hoton bikin mutane kuwa, wanda aka biya ka kuɗi, ka bar shi a dijital har sai ka ga abin da K1000 ɗin ta fitar.