Bizar zaman ritaya a Malesiya: lissafin da ya kamata ɗan kasuwa ya yi kafin ya taɓa jarinsa

Wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ya aiko da tambaya. Ya ce shekarunsa 58, yana so ya miƙa wa manyan 'ya'yansa shago ya koma Malesiya da zama tare da maiɗakinsa, domin 'yarsu tana karatu a can, kuma wani abokinsa ya gaya masa cewa duk wanda ya haura hamsin, idan ya ajiye ringgit (kuɗin Malesiya) 150,000 a bankin ƙasar, za a ba shi izinin zama na shekara goma. Yana tambaya ko ya sayar da ɗaya daga cikin shagunansa biyu ya haɗa kuɗin.

Alhaji, ranka ya daɗe, abokinka bai yi maka ƙarya ba, sai dai labarin da ya ba ka ya tsufa. Shirin da yake nufi shi ne MM2H, wato "Malesiya gidana na biyu", wanda aka fara a 2002. A tsohuwar ƙa'ida, mai shekara hamsin zuwa sama yakan ajiye ringgit 150,000, ya nuna yana da kuɗin shiga na ringgit 10,000 duk wata daga wajen ƙasar, a ba shi shekara goma. An dakatar da shirin a 2020, da aka dawo da shi a 2021 kuma sai aka ɗaga ajiyar zuwa ringgit miliyan ɗaya, kuɗin shiga na wata ya koma 40,000, aka rage wa'adin zuwa shekara biyar. Waɗanda suka riga suka sayi gidaje suka zauna a kan tsohon sharaɗi sun yi ta ƙorafi har gwamnati ta sassauta musu, amma duk da haka an ƙara musu kuɗin sabuntawa na shekara, aka kuma wajabta musu kwana casa'in a ƙasar.

A watan Yunin 2024 aka sake zubin gaba ɗaya, aka kasa shi mataki uku, aka kuma koma ƙidaya da dalar Amurka. Matakin azurfa yana buƙatar ajiyar dala 150,000 da izinin shekara biyar, na zinariya dala 500,000 da shekara goma sha biyar, na filatinam dala miliyan ɗaya da shekara ashirin. An cire sharaɗin kuɗin shiga na wata, wanda sauƙi ne ga ɗan kasuwar da ba shi da fansho, amma an kawo wani da ya fi shi nauyi: dole ne ka sayi gida, mafi ƙaranci na ringgit 600,000 a matakin azurfa, kuma ba za ka sayar da shi ba sai bayan shekara goma, sai fa idan za ka musanya shi da wanda ya fi shi tsada. Ka lura da yadda lambar ta yi kama da ta da. Abokinka ya ce 150,000, yanzu ma 150,000 ne, amma waccan ringgit ce, wannan kuwa dala, kuma dala ɗaya takan canzu a kan wajen ringgit huɗu.

Yanzu mu zauna mu yi lissafi irin wanda ka saba yi a kan teburin shago. A farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, dala 150,000 ba ta kai naira miliyan 70 ba. Bayan an sakar wa kasuwa farashin naira a watan Yunin 2023, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, kuma a wannan farashi ajiyar kaɗai ta zama naira miliyan 225. Gidan ringgit 600,000 zai ci kusan wata dala 140,000, gwargwadon canjin ranar. An yarda ka ciri rabin ajiyar don sayen gida ko magani ko karatun yara, saboda haka a ƙarshe za ka tarar kana da dala 75,000 kwance a banki da gidan da ba ka da ikon sayarwa, jimla ta haura dala 200,000, ban da ladan wakili, da inshorar lafiya, da kuɗin lauya da harajin sayen gida. Akwai ma wani tarko a nan, domin kowace jiha tana da nata mafi ƙarancin farashin da baƙo zai iya sayen gida, kuma a Kuala Lumpur ringgit miliyan ɗaya ne. Idan makarantar 'yarka tana can, to 600,000 ɗin da ke rubuce a takarda ba zai saya maka komai kusa da ita ba.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne maganar sayar da shago. Kuɗin da ke cikin shago yana juyawa. Ka sauke dila, yara su sayar, ka sake aikawa, a shekara ya zagayo sau uku ko huɗu. Kuɗin da ka kulle don biza ba ya zuwa ko'ina sai ɗan abin da banki zai ɗora a kai, kuma matakin azurfa da na zinariya ba su ba ka izinin yin aiki ko buɗe kasuwanci a ƙasar ba. Ke nan cefane da wutar lantarki da asibiti duk daga Kano za su riƙa fitowa, daga shago ɗaya tilo da ya rage, a hannun yaran da ba su taɓa riƙe shi su kaɗai ba, kuma kowane wata sai an bi ta Wapa an mai da ribar naira zuwa dala. Ranar da naira ta sake faɗuwa, cinikinsu yana nan yadda yake amma abincinka a can ya ragu. A ganina, wannan biza ta mai rarar kuɗi ce, wanda zai iya mantawa da dala dubu ɗari biyu tsawon shekara goma ba tare da rumfarsa ta girgiza ba. Idan sai an sayar da uwar kuɗi kafin a cika sharaɗi, lokaci bai yi ba.

Kada kuma ka ɗauka cewa maƙwabtan Malesiya sun fi tsayawa a kan magana ɗaya. Don bizar ritaya, Tailan tana neman baht (kuɗin ƙasar) 800,000 a banki ko kuɗin shiga na 65,000 duk wata, amma daga Maris 2019 ta hana taɓa kuɗin na wasu watanni kafin sabuntawa da bayanta, ta ce kada su sauka ƙasa da 400,000 a sauran shekara, sannan a ƙarshen 2019 ta ƙara inshorar lafiya ta dole ga wani rukunin bizar.

Idan har kana da rarar, akwai shirin da ya kamata ka fara tun yau, kuma shi ne inda 'yan kasuwarmu suka fi tuntuɓe. Bankin can zai tambayi asalin kuɗin, kuma littafin bashi da ke ƙarƙashin kanta ba hujja ba ne a wurinsu. Ka riƙa shigar da ciniki ta asusun da ke ɗauke da sunan kasuwancin da ka yi wa rajista, ka adana takardun biyan haraji da rasitan shigo da kaya. Ana neman bizar ne ta hannun wakilin da ma'aikatar yawon buɗe ido ta Malesiya ta ba lasisi, saboda haka ka nemi ganin lasisin ka duba sunansa a shafin ma'aikatar kafin ka tura ko sisi, ka kuma sa ya ba ka ƙa'idar da ke aiki a ranar a rubuce. Malesiya tana da bankunan Musulunci masu ƙarfi, sai ka tambaya ko za a karɓi ajiyar a ɗayansu don kauce wa kuɗin ruwa, ka kuma ji ta bakin malaminka game da zakkar kuɗin da yake naka amma ba ka da ikon taɓa shi.

Kafin duk wannan, gani ya kori ji. Ka nemi bizar ziyara, ku je da Hajiya ku kama hayar gida kusa da makarantar na 'yan makonni, ka rubuta duk abin da kuka kashe, ka bar shagunan biyu a hannun yara ba tare da kana kiransu kullum ba. Idan ka dawo, ka aiko mini da lissafin biyu, na can da na Kwari, mu ɗora su gefe da gefe.