Fatawa: Sallar wanda aka yi wa aikin ƙashin baya

Tambaya: Malam, sati biyu ke nan da aka sallamo babanmu daga asibitin Komfo Anokye bayan aikin ƙashin baya. Likita ya hana shi sunkuyo, murɗa jiki da ɗaukar kaya. Yakan taka har bakin ƙofa, amma a kujerar roba yake salla tun daga kabbara har sallama, wani ya ce hakan ya yi. Ni kaɗai ke jinyarsa. Daga wata baiwar Allah, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya yi miki albarka, 'yata.

Kin ce yakan taka har bakin ƙofa. Nan hukuncin yake. Wanda ke iya wannan tafiyar, tsayuwar farilla ba ta sauka daga kansa ba. Ya yi kabbarar harama da Fatiha a tsaye, ko da ya dogara da sanda, ya yi nunin ruku'u da kai yana tsaye, sannan ya zauna a kujera ya yi nunin sujada. Kada ki ɗago masa matashi zuwa goshi. Nafila kuwa, ya zauna abinsa.

Wanda ya ce hakan ya yi, ba daga ka ya faɗa ba. Ra'ayin Hanafiyya ne, cewa tsayuwa hanya ce zuwa sujada, idan sujada ta faɗi ita ma ta faɗi. Ban gamsu ba. Tsayuwa rukuni ce mai cin gashin kanta. Sallar gawa ba ruku'u ba sujada, amma a tsaye ake yin ta, hanyar zuwa ina ce a nan? Hadisin Imrana ɗan Husaini ma ya rataya zama ne ga kasa tsayuwa, bai ambaci kasa sujada ba. Wanda ake bi bashi biyu, ya kasa biyan ɗaya, ba a yafe masa ɗayan. Haka Malikiyya suka tafi, kuma likitocin ƙashi ma tattaki suke so ga irin Baba, dogon zama suke ragewa. Sallolin da suka wuce ba sai ya rama ba. Ranar da jiri ko zafi ya taso, ya zauna ba laifi.

Tunda an hana shi sunkuyo, wanke masa ƙafa a alwala halal ne gare ki. Tsarki kuwa, in mahaifiyarki na nan ita ta fi cancanta. In babu, ɗa namiji, da safar hannu, a kau da ido.

Kada a kai shi wurin mai ɗori ko mai tausa, komai yabon da aka yi masa. Ranar komawa asibiti ku ɗauki tasi, ba pragya (keke mai ƙafa uku) ba, kin san ramukan hanya. Zazzaɓi, ruwa daga ɗinkin, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, asibiti a take, ko da tsakar dare ne.

Sannan "ni kaɗai" ɗin nan bai yi mini daɗi ba. Ina 'yan'uwanki maza? Ki kira su, ku raba kwana. Wallahu a'alamu.