Shafin makarantarmu ya ɓace, da me za mu sake ginawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce shugabar wata makarantar Islamiyya da boko a Unguwar Rogo, Jos. Bara mun biya wani matashi ya buɗe mana shafin intanet. Yanzu shafin ba ya buɗewa, lambarsa ma ba ta shiga, ga lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ya ƙarato. Da me za mu gina wani da kanmu ba tare da an sake cutar mu ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ginin ba shi ne matsala ba. Google Sites kyauta ne, malami mai kwamfuta zai haɗa shi cikin yini guda, ya liƙa fom ɗin neman shiga da Google Forms. In labarai za ku riƙa sakawa ta waya, Blogger ya fi sauƙi. Wix na kyauta yana manna tallarsa a shafinku, ban ba ki shawararsa ba.

Abin da ya same ku kuwa, kusan kullum sai an kawo mini irinsa, kuma yana ɓata mini rai. Mutane sun ɗauka shafi kamar allon makaranta ne, in an biya mai fenti shi ke nan. A'a! Adireshin shafi haya ce, shekara-shekara ake sabunta ta, kuma sunan wanda ke jikin rajista shi ne mai shi. Waɗannan masu "kawo kuɗi in yi muku" da imel ɗinsu suke rajista, su riƙe kalmar sirri, su ba ku rasit ɗin da ba ya buɗe komai. Shekara ta zagayo, sanarwar sabuntawa ta tafi wayar wanda ya yi muku shafin, shi kuma ya koma Abuja ko ya canza layi. Adireshi ya faɗi, wani can ya saye shi. In tallar caca mai sayen ya sa a kai ma da sauƙi. Idan ya mayar da tambarinku ya sa lambar asusunsa fa, uba ya tura kuɗin makarantar ɗansa, wa za a kama? Ke, Malama.

Saboda haka ki buɗe imel da sunan makaranta, ba na wani malami ba, balle na ɗan mai makaranta. Kalmar sirri ta zauna hannun mutum biyu. In za ku sayi adireshi, ku nemi mai ƙarewa da .sch.ng ta hannun kamfanin da NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin intanet masu ƙarewa da .ng, ta amince da shi, a gabanki a rubuta sunan makaranta. Kada kuma a baza sakamakon yara da hotunansu a fili. Dokar kare bayanai ta 2023 ta shafe ku.

Yau ɗin nan ki tura saƙo zauren WhatsApp na iyaye cewa tsohon adireshin ya fita hannunku, lambar asusu kuma a ofis kaɗai ake karɓa.