Kafin ka sa wa soja AWOL a rajista

Ɗana, tambayarka biyu ce: me haruffan nan da suka cika rajista suke nufi, kuma wanne za ka sa wa sojan da aka kira sunansa a faretin safe aka ji shiru. Ta biyun ta fi nauyi, don haka zan taƙaita ta farkon.

AWOL farkon haruffan Absent Without Leave ne, wato soja ba ya inda aka ajiye shi, kuma ba wanda ya ba shi izini. Sojojin ruwan Amurka UA suke rubutawa, wato Unauthorized Absence, laifin dai ɗaya ne. MIA wanda ya ɓace a fagen fama ne, KIA wanda aka kashe a can, POW kuwa fursunan yaƙi. Ukun nan ba laifi ba ne, kada hannunka ya taɓa gwama su da AWOL.

Sababbin akawu sukan ɗauka sai mutum ya yi kwanaki ba a gan shi ba sannan laifin ya tabbata. Ba haka ba ne. Dubi dokar sojan Amurka, sashe na 86: wanda bai zo wurin aiki a kan lokaci ba, da wanda ya bar wurin kafin a sallame shi, da wanda ya fice daga rundunarsa, duk sun shiga. Tsawon lokacin ne ke auna hukunci. In bai wuce kwana 3 ba, iyakar ɗaurin wata ɗaya ne. In ya haura kwana 30, yana iya kaiwa shekara guda da korar wulaƙanci, idan kuma kamo shi aka yi ba da ƙafarsa ya dawo ba, ya kai wata 18. Ka ga dalilin da nake matsa maka kan rubuta rana da ƙarfe nawa, har da yadda ya dawo.

Tserewa daga aikin soja wani abu ne daban, sashe na 85 ne a can. A Ingila ma dokar soja ta 2006 ta raba su, sashe na 8 da na 9. Abin da ya raba su niyya ce. Wanda ya tafi jinyar mahaifiyarsa ya makara, kakinsa na rataye a ɗaki, takalminsa na ƙarƙashin gado, da alama mai dawowa ne. Wanda ya sayar da kayansa, ya canza suna, ko ya sulale daren da aka ce gobe za a tafi bakin daga, wannan maganarsa ta yi girma, domin a Amurka, a lokacin yaƙi tana iya kaiwa ga kisa. Eddie Slovik, wani sojan Amurka, a kan haka aka harbe shi a Faransa ranar 31 ga Janairun 1945. To, niyya a zuci take, kuma ba aikin akawu ba ne ya karanta zuciya. Kotun soja ce ke tantancewa. Ko a Amurka da ake cire sunan mutum daga rajista bayan kwana 30 a kira shi wanda ya tsere, wannan a takarda ne kawai, ba hukunci ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaggawa. Da zarar ka sa haruffan nan huɗu, albashi zai tsaya, iyali su shiga kunya, masu nema kuma su yi sanyi, tunda kowa ya ɗauka guduwa ya yi. Alhali mutumin yana iya kasancewa kwance a asibiti ba ya iya magana, ko wani ya cutar da shi. Bayan abin da ya faru a barikin Fort Hood a 2020, inda wata soja ta ɓace daga baya aka gano kashe ta aka yi, sojan ƙasa na Amurka ya sauya tsari: wanda ba a gani ba, ana rubuta cewa ba a san inda yake ba har zuwa awa 48, a bazama nemansa tukuna.

Saboda haka gobe in an ji shiru a fareti, rubuta abin da idonka ya gani: ba ya nan, ƙarfe kaza. Duba littafin hutu da na marasa lafiya, tambayi sajensa da abokin ɗakinsa, a kira wayarsa da ta gidansu. Sai ka kai wa kwamanda takardar ya yanke abin da za a sa, ka kawo mini in duba kafin ta shiga fayil.