Fatawa: Za a iya gina makaranta da kuɗin zakka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Duk shekara ina raba zakkata a ƙofar gida, dubu biyar-biyar a ambulan, amma fuskokin bara su ne na bana. Ni da abokaina muna so mu haɗa zakkarmu mu gina makaranta a unguwa. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya saka da alheri. Niyyar ta yi kyau, sai dai ba da zakka ake wannan gini ba. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ware nau'i takwas na masu cin zakka, kuma mafi yawan malamai, har da Malikiyya, ba su sa gine-gine cikin nau'in "fi sabilillah", wato hanyar Allah, ba. Akwai malaman zamani da suka faɗaɗa ma'anar, amma ban ga dalilin barin maganar magabata ba alhali ga wata ƙofa a buɗe.

Gyaran zakkar tukuna. Dubu biyar ba ta wuce cefanen yini. A mazhabarmu ya halatta a bai wa talaka ɗaya abin da zai ishe shi shekara, ko da ya haura nisabi. Ka rage layin. Ka nemi bazawara mai marayu ka damƙa mata kuɗin keken ɗinki da jari, wataƙila baɗi ba za ta dawo ba.

Makaranta kuwa aikin hubusi ce, wato wakafi, daga dukiyarku ba zakka ba. Da Sayyidina Umar ya sami gona a Khaibara, Annabi (SAW) ya nuna masa ya riƙe asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a.

Ku kula da inda ake yawan faɗuwa. Kada ku tsaya kan bulo da kwano. Ku haɗa da shaguna biyu ko uku da hayarsu za ta riƙa biyan albashin malamai da alli. Ku rubuta, ku kafa shaidu, ku naɗa amintaccen mai kula, kuma ku fitar da abin daga hannunku tun kuna da lafiya. A wajen Malikiyya, in mai hubusi ya rasu ba a karɓe shi daga hannunsa ba, hubusin ya warware, ya koma gado. Za ku iya tuntuɓar Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano kan rubutun. Wallahu a'alam.